Dutsen murjani ya riƙe gidajen Balad, me ya hana shi riƙe matsayar kwale-kwale?

Tambayar ta zo ne daga wani dattijo magini, ɗan'uwanmu Bahaushe da ya haura shekara talatin yana aikin gini a Jidda. Yanzu shi ke kula da leburori a wani aiki a bakin teku, kudu da birni, inda ake yi wa masunta matsayar kwale-kwale da shingen da zai tare musu igiyar ruwa. Ya ce: "Dutsen murjani ga shi nan tuli a inda muke haƙa, amma injiniya ya hana a jera shi a fuskar shingen, ya ce sai an kwaso baƙin dutse daga bayan gari. Turakun ƙarfe ma ya ce ba za a buga ba, sai dai a huda ƙasa a zuba kankare. To ai da wannan dutse aka gina Balad, tsohon garin Jidda, gidaje hawa huɗu hawa biyar, ga su nan a tsaye. Ƙarfi ne ba shi da shi, ko kuwa neman kashe kuɗi ne kawai?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da idonku ya gani a Balad gaskiya ne, kuma injiniyan nan bai yi kuskure ba. Aikina ke nan, binciken ƙasa da harsashin gini a gaɓar Bahar Maliya, kuma babu dutsen da ya koya mini taka-tsantsan kamar wannan. Yana da ƙarfi daidai gwargwado, amma akwai irin nauyin da yake ɗauka, akwai wanda ba ya jurewa. Magabatan da suka gina Balad sun san bambancin, shi ya sa gininsu ya daɗe.

Mu fara da asalinsa. Murjani halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi da ke zaune cikin ruwa suna tsotso sinadarin alli daga teku suna gina wa kansu gida, irin sinadarin da ke cikin ƙwanson ƙwai da farar ƙasa. Nau'in da ke dunƙulewa kamar tulu yana ƙaruwa da misalin santimita 1 a shekara, mai rassa kuwa yana iya yin santimita 10 ko fiye. In sun mutu, igiyar ruwa ta kakkarya rassan, su gauraya da ƙwanson kodi da yashi da ciyawar teku mai alli, a hankali abin ya manne ya zama dutse. A wani wuri mannewar ta yi kyau, a wani wuri kuwa ɓaraguzai ne kawai suka jingina da juna. Sannan akwai wasu halittun, irin su soson teku da wata kumba mai huda dutse, da ke rarake shi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. A gaɓar nan tamu, daga Yanbu har Jizan, haka nan ta ɓangaren Sudan, akwai tsohon murjani da ya rage a tudu tun zamanin da teku ta fi haka cika, ruwan sama ya daɗe yana narkar da shi yana barin koguna a ciki.

Saboda haka abin da kuke haƙa ba dutse ɗaya ba ne. Za ku iya samun ɓawo mai tauri na mita ɗaya a sama, wanda sai da injin fasa dutse, ƙarƙashinsa tsakuwar murjani sako-sako, ƙarƙashinta rami wayam, sannan yashi, sannan wani ɓawon. Ku matsa taku goma ku sake haƙawa, jerin ya sauya. Ku da kuka san marmara a gida, kun san yadda wani ɓangarenta ke mayar da diga, wani kuwa da hannu ake marmasa shi. To murjani ya fi marmara rashin tabbas.

Duk sirrin yana cikin ramukan. A dutsen murjani da bai manne sosai ba, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na jikinsa fanko ne. Mita ɗaya ta kowane ɓangare ta dutsen duwatsun Hijaz tana kai tan 2.6 zuwa 2.7, ta murjani kuwa takan tsaya tsakanin tan ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗan wani abu, wata ma ba ta kai haka ba. Kuna iya gwadawa a wurin aiki ba tare da wata na'ura ba. Ku ɗauki ɓalli guda, ku shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ku auna a sikeli, ku jiƙa shi cikin bokiti ya kwana, ku sake aunawa. Dutsen da ake so a fuskar shingen teku bai kamata ya sha ruwan da ya wuce kashi 2 ko 3 na nauyinsa ba. Murjani sau da yawa yakan haura kashi 10. In kuma kuka ɗiga masa ruwan batir ko ruwan tsami mai ƙarfi, za ku ga yana kumfa, alamar alli ne zalla.

A ɗakin gwaji muna yanko shi kamar gwangwani, mu matse a na'ura har ya fashe, mu rubuta ƙarfinsa da ma'aunin megafaskal. Megafaskal ɗaya daidai yake da a ɗora kusan kilo 10 a kan fili mai faɗin farcen ɗan yatsa, wato santimita ɗaya tsawo da faɗi. Kankaren da kuke zubawa kullum yana tsakanin 25 da 40. Lafiyayyen dutsen tsauni yana haura 100, wani har 200. Murjani kuwa, mai rauninsa 1 ne ko 2, matsakaici 5 zuwa 15, wanda ya manne ƙwarai yana iya kai 20 ko 30. Abin da ya fi damuna ba ƙanƙantar lambar ba ce, tazarar da ke tsakani ce: daga rami ɗaya sai a samu samfurin da ya ninka ɗan'uwansa sau goma. Kuma akwai wata yaudara da ƙananan injiniyoyi ke faɗawa cikinta. In an huda an ciro samfuri, mai taurin ne kaɗai ke fitowa lafiya, mai raunin ya riga ya narke ya bi ruwan hudar. Sai a kai tsiraran masu kyau ɗakin gwaji, takarda ta fito da lamba mai daɗi, alhali rabin abin da ke ƙasa ba a gan shi ba. Ni in aka kawo mini rahoto, kafin in dubi ƙarfin, sai na fara duba mita nawa aka huda, nawa aka ciro. Kuma sai na tambaya ko a jiƙe aka gwada, domin jiƙaƙƙensa bai kai busasshensa ƙarfi ba, ga shi a cikin ruwa zai yi aikinsa.

Yadda yake karyewa ma daban ne. Dutsen tsauni yana jurewa har ya kai iyaka, sai ya tsage da ƙara. Murjani marmashewa yake yi kamar busasshen burodi: siraran bangayen da ke tsakanin ramukan su rushe ɗaya bayan ɗaya, jikin ya tsuke, ya koma gari. Ƙwayar allin kanta mai laushi ce. A ma'aunin taurin ma'adanai mai hawa 10, alli yana wajen 3 zuwa 4, ƙwayar yashin kogi tana 7. Wuƙar aljihu tana kankare shi. Ku riƙe wannan marmashewar, domin ita ce amsar rabin tambayarku.

To yaya Balad ta tsaya? Ku bari mu yi lissafi a tsaye. Bango mai tsayin mita 18, wato misalin hawa biyar, da dutsen da mita ɗaya tasa ta kowane ɓangare take da nauyin tan 1.6, abin da yake dannawa a gindinsa bai wuce tan 30 a kan kowace murabba'in mita ba. Wannan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na megafaskal ɗaya. A ƙara nauyin daɓe da rufi da mutane, da wuya ya wuce rabin megafaskal sosai. Ko dutse mai ƙarfin 3 ko 4 yana ɗaukar wannan yana hutawa. Rashin nauyinsa ma alheri ne gare shi, don bangon bai cika danne kansa ba, kuma ramukan suna hana zafi ratsawa.

Amma maginan ba su dogara da dutsen shi kaɗai ba, kuma a nan nake cire musu hula. Mutanen Jidda suna kiransa hajar mangabi, daga bakin teku da kewayen tafkin Arba'in ake saro shi. Sukan yi bango mai kauri a ƙasa, yana raguwa in ana hawa. Duk bayan kimanin mita ɗaya sai su shimfiɗa katako a tsawon bangon, abin da suke kira takalil, ya raba nauyin daidai ya kuma ɗaure ginin, ta yadda in wani dutse ya marmashe ba zai ja na samansa ba, har ana iya zare shi a sa wani. Manyan tagogin katako, rawashin, ban da iska da sutura da suke bayarwa, suna rage wa bango nauyi. Sannan su yaɓe komai da nura, wato farar ƙasa, wadda ke kare dutsen daga iska mai gishiri amma tana barin danshi ya fita. Gidan Nasif, da aka gina tsakanin 1872 da 1881, wanda Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925, da wannan dabara yake tsaye. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya. Duk da haka, wanda ya zaga lungunan ya ga gidajen da suka karkata da waɗanda aka tokare da katako, galibi inda ruwan ƙasa ya taso ya jiƙa gindi, ko inda wani ya yi wa bango filastar siminti da kyakkyawar niyya. Siminti yana kulle danshin a ciki, gishiri ya taru a ramuka ya ƙanƙare, ya dinga tura dutsen daga ciki har ya zama gari a bayan filastar da ke nan sumul.

In kuna son ganin ƙarshen murjani da aka daina kula da shi, sai Sawakin, a tsallaken teku, tashar da kakanninmu da yawa suka shiga jirgi zuwa aikin hajji bayan sun ratso Sudan a ƙafa. Da irin wannan dutsen aka gina ta. Mashigarta ƙunci ne da ita, murjani ya kewaye ta, manyan jiragen tururi ba sa sakewa, sai Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tashar Bur Sudan a 1905 suka buɗe ta a 1909. Kasuwa ta tashi, masu gidaje suka bi ta, aka daina sabunta yaɓe. Ba yaƙi ne ya rushe yawancin gidajen ba. Yaɓe ya zube, danshi da gishiri suka shiga, katako ya ruɓe, bangaye suka zauna. Na tsaya a tsibirin na ɗebi dutsen a hannu, kuma abin ya taɓa mini zuciya, domin aikin gwanaye ne.

Yanzu ku kwatanta da shingenku. A Balad dutsen yana zaune a inuwar yaɓe, nauyi yana sauka a kansa a hankali, ba ya motsi. A fuskar shinge kuwa babu yaɓe, igiyar ruwa tana dukansa dare da rana, tana ɗaga shi tana goga shi da na kusa da shi. Abin da ke riƙe dutse a wurin nauyinsa ne a cikin ruwa, ba a tudu ba, kuma ruwa yana rage wa kowane abu nauyi gwargwadon girmansa. Akwai lissafin da wani injiniyan Amurka mai suna Hudson ya fitar a shekarun 1950, har yau ana aiki da shi. In aka sa dutsen da mita ɗaya tasa ta kowane ɓangare take da nauyin tan 2.65 a gefe ɗaya, murjanin da tasa take da tan 2 a ɗaya gefen, ga igiyar ruwa iri ɗaya da gangara iri ɗaya, sai lissafin ya nuna murjanin yana bukatar ya ninka wancan nauyi kusan sau uku da rabi kafin ya zauna daram. Inda ɓallin baƙin dutse mai tan 2 ya isa, sai an nemo murjani mai tan 7. A ina za ku samu ɓalli mai tan 7 da ba shi da tsaga ko kogo? In ma an samu, wajen lodi da saukewa zai rabu biyu, wanda ya tsira kuma gugar shekara da shekaru za ta cinye kusurwoyinsa ya zama mulmulalle, ya daina cije da 'yan'uwansa. Ga gishiri: litar ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da kusan giram 40, na sauran manyan tekuna kuwa 35 ne, kuma ranar Jidda tana busar da duk abin da ruwa ya fantsama wa nan take. Daidai layin da ruwa ke jiƙawa yana bushewa, nan dutsen ke fara ci. Kuɗin tirelar da za a tsimi yau, a gyara za a biya shi ninki.

Maganar turaku ta fi wannan haɗari, don ita ba a ganinta da ido. Turken ƙarfe da aka buga cikin yashi na gari yana riƙe nauyi ne saboda yashin da ya ture yana dawowa ya matse shi ta ko'ina, kamar yadda ƙasa ke cije turken doki. A cikin murjani, in guduma ta buga, dutsen ba ya turuwa gefe, marmashewa yake yi ya shige cikin ramukan kansa. Sai a samu siririn gari kewaye da ƙarfen, bayansa kuma dutsen da ya manne yana tsaye abinsa bai matso ba. Turken yana cikin rami ne kamar muciya a cikin tukunyar da ta fi ta faɗi. Riƙon da ake samu yakan zama ɗan kaɗan ne daga abin da yashin kogi zai bayar. Duniya ta koyi wannan da tsada. A 1982, a tekun arewa maso yammacin Ostareliya, lokacin kafa dandamalin haƙar gas na North Rankin a kan ƙasa mai alli, turaku suka riƙa zurmawa cikin sauƙin da ba a zata ba, aka gano riƙonsu bai kai abin da aka lissafa ba, sai da aka yi shekaru ana gyaran harsashin da maƙudan kuɗi.

Ni ma na gani da idona a wani ɗan aiki a gaɓar nan, shekarun baya. Ɗan kwangila ya nace sai an buga, don ya fi sauri. Turke na farko ya yi gardama a ɓawon sama, ana ta duka yana shiga da ƙyar, kowa ya ce ga dutse. Da ya fasa ɓawon, sai ya sulale mitoci da nauyin kansa, babu duka ko ɗaya, har mai tuƙa injin ya firgita. Abin da ya fi tsayawa mini a rai shi ne, da turken ya tsaya a kan ɓawon nan bai fasa ba, da mun sa hannu mun ce ya zauna, mu ɗora gini a kan abin da bai fi kaurin tabarma ba in aka kwatanta da ramin da ke ƙarƙashinsa.

In aka huda aka zuba kankare, ramukan da suka zama aibi sai su koma amfani. Ruwan siminti yana kutsawa cikinsu, ya bushe, turken ya yi saiwoyi a jikin dutsen, riƙon ya ninka na bugawa sau da yawa. Dogon benen nan da ake ginawa a Abhur, arewacin Jidda, wanda aka fara a 2013 da niyyar ya kai kilomita ɗaya, a kan irin wannan ƙasa yake, murjani a sama, kuma turaku 270 aka huda aka zuba masa, masu zurfin cikinsu sun haura mita 100. Matsayarku ƙarama ce, amma halin ƙasar ɗaya ne.

Kada kuma a fasa shi a yi tsakuwar kankare mai rodi. Yana shanye ruwan kwaɓi, yana ɗauke da gishiri a cikinsa, gishirin ya ci rodin, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Sojojin Amurka sun yi kankare da murjani a tsibiran tekun Fasifik lokacin yaƙin duniya na biyu, amma larura ce ta rashin wani dutsen, kuma ba gini na shekara hamsin suke nema ba.

Wannan tulin da ke gabanku ba asara ba ne. Yana yin ciko a bayan bangon matsaya, yana yin shimfiɗar ƙarƙashin hanya, in an daddanne shi yakan kama jikinsa da kyau. Injiniya yana iya yarda a zuba shi a cikin cikin shingen, inda igiyar ruwa ba ta kai masa duka, muddin an rufe shi da matsakaitan duwatsu sannan manya, don kada ruwa ya riƙa zuƙe garinsa ta kafofi. Sai dai a sa ran zai ɗan zauna, a bar masa rara a tsayi. Wannan duk game da mataccen murjani ne da aikin haƙa ya fito da shi. Mai rai da ke cikin ruwa, don Allah, Baba, ku hana yara taɓa shi ko jefa masa anga. Doka ta hana, kuma shi ne shingen farko: lafiyayyen murjani yana karya fiye da kashi 90 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, kuma a cikinsa kifin da masuntan nan ke nema yake hayayyafa. Abin da katafila za ta fasa a wuni ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ya dawo.

Ranar da za a fara hudar, ku tsaya kusa da injin, domin idonku zai ga abin da takarda ba ta gani. In sandar huda ta faɗa ƙasa farat ɗaya, ku sa a rubuta a mita na nawa ne, kogo ne. In ruwan da ke dawowa sama ya ɗauke, shi ma a rubuta. Ku ƙirga kankaren da kowane rami ya sha ku gwada da abin da aka lissafa masa. In ya ninka, yana tsiyayewa ne cikin kogo, sai an sa bututun ƙarfe ya tare gefen ko a fara cike kogon. In kuma ya sha ƙasa da lissafi, wannan ya fi muni, don alama ce gefen ramin ya rufta ya shaƙe turken a tsakiya. Kada a bar rami a buɗe ya kwana kafin zubi, kuma a wanke gindinsa daga garin alli. Sannan ku tambayi injiniyan, cikin girmamawa, turke nawa za a ɗora wa nauyin gwaji kafin a ci gaba, kuma ko ramukan binciken da aka yi sun zarce inda gindin turakun zai tsaya da mitoci, don a tabbata ba a kan wani ɓawon za su zauna ba.